Ɗan Hakin da Ka Raina: Magana a kan Maratayin Hedifon

Ranar wata Laraba, gab da Azahar, a lokacin da hunturu ya fara ja da baya zafi yana ɗago kai, na ziyarci wani ofis a cikin birnin Kano inda samari da 'yan mata kimanin goma suke zaune gaban kwamfuta, kowanne ya kifa abin sauraron nan da yaran yanzu suke kira hedifon a kunnuwansa, suna mayar da maganganun da aka naɗa zuwa rubutu. Ina zaune ina jiran wanda na zo gani sai ladan ya yi kira, wani saurayi ya cire nasa ya ɗora a bakin tebur, bisa tarin takardu, dab da kofin shayin da ya sha rabi ya bari. Da ya miƙe, wayar ta harɗe masa ƙafa, ta fizgo hedifon ɗin ya faɗo ƙasa, kujerar nan mai taya kuwa da ya tura baya ta bi ta kansa, sai ji na yi ƙas, kamar an taka ƙwai.

Ya sunkuya ya ɗauka, ga kunne ɗaya yana reto a jikin 'yar siririyar waya kamar haƙorin yaro da ya kusa fita, ya dube ni ya ce, "Wallahi, Baba, kayan yanzu duk jabu ne. Wannan shi ne na uku da na saya a bana."

Na ce masa, "Ɗana, ai ko da tagulla aka ƙera shi, ba don taya ta hau kansa aka yi shi ba."

Bai ce komai ba, sai dai wata yarinya da ke teburin kusa da shi ta yi murmushi, ta cire nata, ta naɗe wayar a yatsunta, ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ba tare da ta ko sunkuyar da kai ba, ta rataye shi a jikin wata 'yar ƙugiyar roba da aka manna a wurin da gam. Da na tambaye ta tsawon zamanta da shi, ta ce, "Baba, shekararsa uku ke nan, soson kunnen kaɗai na taɓa canzawa." Tun daga wannan rana maganar ƙugiyar nan take ci mini rai, domin na ga a cikinta wata mas'ala da ta fi ƙarfin roba da gam.

Fasali na ɗaya: Mu mutanen rataya ne tun asali

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe kafin kujera da tebur su cika mana ɗakuna, ya san cewa iyayenmu ba su yarda da ƙasa ba a kan abin da suke ƙauna, sabili da sun san abin da ƙasa take ɗauke da shi na gara da ɓera da damshi, da kaji masu tone-tone, da yara masu rarrafe waɗanda hannunsu bai san haram ba. Uwar gida tana da ragaya da aka tufka da igiya tana saukowa daga rufin ɗaki, a ciki ake ɗora ƙwaryar nono da ta man shanu, inda kyanwa za ta yi ta ɗaga kai har wuyanta ya gaji. Malami yana da gafaka ta fata wadda yake sanya littattafansa ya rataye a bango, sama da kan mai zama, don girmama abin da ke ciki da kuma kare shi daga gara. Manomi yana ɗaure zangarniyar iri ya saƙale a rufin ɗakin girki, inda hayaƙi zai kore masa ƙwari har damina ta zagayo. Maharbi yana da inda yake rataye kwari da baka, mai doki yana da inda linzami yake kwana, kuma a cikin duhun dare, babu fitila babu aci-bal-bal, kowannensu zai miƙa hannu ya taɓa abinsa kai tsaye, kamar dai yadda yarinyar nan ta yi a ƙarƙashin teburinta.

Da Turawa suka zo da ofis da makarantar boko, suka zo mana da tebur, sai muka karɓi tebur muka bar ladubbansa, muka kuma yi watsi da ragaya da gafaka a kan cewa kayan ƙauye ne, muka tashi ba tsuntsu ba tarko. Alal haƙiƙa, teburin ma'aikaci a yau ya fi kama da juji mai ƙafa huɗu, inda za ka iske makulli da caja da carbi da bawon gyaɗa da takardar da ake nema tun makon jiya, duk sun kwanta a kan juna, hedifon kuwa yana bisa tsibin kamar kaza a kan ƙwai.

Malamanmu na zaure, idan suna yi wa almajirai bayanin hikima, sukan ce ita ce sanya abu a muhallinsa, idan kuma suna bayanin zalunci sukan ce a asalin lugga shi ne ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. Mun saba jin wannan ta'arifi a kan sarakuna da alƙalai da masu rabon gado, amma idan aka yi ƙiyasi za a ga ya sauko har kan tebur, domin wanda ya ɗora abin da ya saya da guminsa a bakin tebur, inda gwiwar hannu ɗaya za ta hankaɗe shi, ya zalunci abin, ya kuma zalunci aljihunsa.

Fasali na biyu: Abin da ke kashe hedifon

Shi wannan abin sauraro ba ɗan jiya ba ne. A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irinsa a kan teburin ɗakin girkinsa a jihar Utah, sojojin ruwan Amurka suka gwada suka ga amfaninsa suka sa ya yi musu da yawa. Ya daɗe a hannun masu aikin rediyo da matuƙa jiragen sama da masu haɗa layin tarho, har zuwa 1979 da kamfanin Sony na Japan ya fito da 'yar rediyon kaset ta aljihu mai suna Walkman, daga nan ya fita daga ɗakin aiki ya shiga titi. Mu nan kuwa, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ƙaramin ɗan'uwansa da ake kira iyafis ya cika kunnuwan matasa, sa'an nan da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, aka mayar da taro da karatu kan intanet, sai ga malamin jami'a da akawu da ɗan jarida da ɗalibar haddar Alƙur'ani duk sun wayi gari suna bukatar babban mai makirfo. Ya zama kayan sana'a, matsayinsa a wurin mai aikin kwamfuta kamar matsayin almakashi a wurin tela.

To, wanda ya taɓa buɗe hedifon da ya mutu ya duba cikinsa zai ga cewa lasifikar da ke fitar da sauti ita ce ta fi komai daɗewa, abin da ke mutuwa da wuri abubuwa uku ne. Na farko wayar, domin a cikin robar nan akwai zaren tagulla masu sirantaka kamar gashin kai, waɗanda kowace fizga da kowane lanƙwasa suke tsinka su ɗaya bayan ɗaya, musamman a wuyan da waya ta haɗu da kan da ake sokawa a kwamfuta, har ranar da kunne ɗaya zai yi shiru, mutum ya dinga murza wayar yana neman inda sauti zai dawo. Na biyu gaɓar da ta haɗa kunne da bakan da ke haye kai, wadda yawanci roba ce, faɗuwa biyu ko uku daga tsayin tebur sun isa su tsaga ta. Na uku soson kunne da 'yar fatar da aka lulluɓe shi da ita, wanda yake shan gumi da man kai yini guda, idan kuma aka kife shi a kan tebur ko aka cusa shi a aljihun tebur bai sha iska ba, sai fatar ta fara saɓulewa tana barin baƙin gari a kunnen mai ita.

Duk illolin nan uku, idan mai karatu ya lura, magani ɗaya ne yake rage su, wato a ɗaga abin daga inda hannu da ƙafa da kofin shayi suke kai-komo, a ba shi wurin da zai yi reto cikin iska. Rigakafi dai ya fi magani, balle ma a nan da maganin shi ne komawa kasuwa da kuɗi a hannu.

Fasali na uku: Gam da sharuɗɗansa

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni kaina na sha kunya a hannun wannan ƙugiya. Bayan ziyarar da na ambata, na sayi ɗaya a kasuwa, na zo gida da yamma, na ɓare 'yar takardar da ke bayanta, na manna ta a ƙarƙashin teburina wanda ƙurar hunturu ta yi wa hoda, nan take kuma na rataya hedifon ɗina ina jin kaina wayayye. Cikin dare muka ji wani abu ya faɗi tim, uwargida ta ce ɓera ne, da safe na iske ƙugiya da abin da ta ɗauka duk a ƙasa, bayanta ya yi fari fat da ƙura. Har na buɗe baki zan faɗi irin abin da saurayin nan ya faɗa, sai na tuna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ɗan ƙanwata da ke gyaran wayoyi shi ya zaunar da ni ya ce, "Kawu, ai ba a tebur ka manna ta ba, a ƙura ka manna ta." Daga bayaninsa da abin da na bincika daga baya na fahimci inda kuskurenmu yake, shi ne muna yi wa gam ɗin zamani fassara da ƙaro. Ƙaron da muka sani, wanda ke fita daga jikin ɗakwara a dazuzzukan Borno da Yobe da Jigawa da Chadi, wanda kuma Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi duniya, wanda malamai suke jiƙawa cikin tawada don ta kama allo da takarda, yana kamawa ne ta hanyar bushewa: ruwa ya tafi, shi ya daskare. Amma gam ɗin da ke bayan ƙugiyar nan dangin salatif ne, irin wanda Richard Drew na kamfanin 3M ya fara fitowa da shi a Amurka a 1925 don masu fentin mota, shi kuwa ba ya bushewa sam. Abin da yake yi shi ne, idan an danna shi, sai ya dinga malala sannu a hankali cikin ƙananan ramukan da ke jikin katako ko ƙarfe waɗanda ido ba ya gani, gwargwadon yadda ya shige su gwargwadon ƙarfin riƙonsa. Masu yin irinsa mai ƙarfi sun bayyana cewa a minti 20 na farko kimanin rabin ƙarfinsa kaɗai yake samu, bayan awa 24 ya kai kashi 90 cikin 100, ba ya cika sai bayan awa 72.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa idan sharaɗi ya faɗi, abin da aka gina a kansa ya faɗi, to ga sharuɗɗan wannan aiki guda huɗu. Na ɗaya tsafta: a goge wurin da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit irin na asibiti, a bar shi ya bushe sarai, domin ƙura da maiƙo da danshi su ne maƙiyan gam. Na biyu zaɓen wuri: katako mai sulɓi da ƙarfe da gilashi da tayil suna karɓarsa, amma katakon da ba a goge ba, da bangon da fentinsa ke ɓarewa, da bangon laka, ba su da abin da za su riƙe shi da shi, kada kuma a sa ta inda gwiwa za ta dinga bugunta, ko inda rana take dukan tebur ta taga. Na uku dannawa: a sa babban yatsa a danne ta da ƙarfi kamar rabin minti, gefe da gefe, kada a bar iska a tsakani. Na huɗu, wanda shi ne ya kayar da ni, haƙuri: a bar ta ta kwana babu kaya, in son samu ne ta yi kwana uku. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, ni kuwa na ga tabbacin haka a ƙasan teburina.

Akwai tambihi ɗaya da ya kamata in ƙara, shi ne gam yana da juriya idan nauyi yana jan sa kai tsaye ko yana zame shi, amma rauninsa yana wajen ɓantarowa daga gefe ɗaya, kamar yadda ake ɓare bawon ayaba. Don haka ƙugiya mai faffaɗan gindi da gajeren hannu ta fi mai dogon hannu aminci, mai faɗin baki kuma ta fi siririya, domin siririya takan yi wa soson bakan hedifon rami. Babban hedifon nauyinsa bai cika wuce sulusin kilo ba, wannan ba komai ba ne a wurinta. Amma wanda ya ga ta riƙe ya ƙara mata jakar kwamfuta da ledar cefane, kada ya zargi kowa.

Fasali na huɗu: Hujjojin masu musu

Wani zai ce, me ya kai mu ga gam alhali ga ƙusa, wadda kakanninmu suka sani, wadda ba ta tsoron ƙura ko zafi? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda teburin nasa ne na kansa, katakonsa kuma mai kauri ne, ya kira kafinta ya kafa masa maratayi, ba ni da ja. Sai dai mafi yawan masu aikin kwamfuta a kan teburin ofis suke zaune ko a ɗakin haya, abin da ba mallakinsu ba, kuma teburan yanzu da yawa garin katako ne aka matse aka lulluɓe, in ka buga masa ƙusa sai ya fashe ya dinga zubar da gari. Fa'idar gam ita ce ana iya cire shi ba a bar rauni ba, idan aka ɗan ɗumama shi sa'an nan aka bi bayansa da zare ana ja kamar zarto, aka goge saura da sifirit.

Wani kuma zai ce zafin ƙasarmu ba zai bar shi ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin masu yin wasu daga cikin ƙugiyoyin nan da kansu sun yi gargaɗi cewa gam ɗin yana iya saki idan zafi ya haura digiri 40, alhali kowa ya san abin da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram suke gani a watan Afrilu, musamman a ɗaki mai rufin kwano ranar da babu wuta. Amsata ita ce, ƙarƙashin tebur ya fi samansa sanyi, mai sayen kaya kuma ya tuna cewa araha ba ta ado, ya nemi mai kaurin gam. Wanda kuwa ɗakinsa tanda ne, akwai irin da ake matsewa a bakin tebur da ɗan murfi mai juyawa, babu gam babu ƙusa. Maƙasudi shi ne abin ya sami muhalli, hanyar da aka bi kuwa kowa da halin ɗakinsa.

Na uku shi ne wanda zai yi dariya ya ce, ƙasa tana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, shi kuma wannan marubuci ya cika shafi da zancen ƙugiya. Ina girmama damuwarsa, amma ina roƙonsa ya lissafa kuɗin hedifon uku da saurayin nan ya saya a shekara guda, ya gwada su da kuɗin ƙugiya ɗaya wanda bai kai ushirin kuɗin guda ɗaya mai kyau ba, sa'an nan ya gaya mini ko a lokacin tsada ne ya fi dacewa a yi israfi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Fasali na biyar: Amana

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne a wuraren da kayan ba na mutum ɗaya ba ne, kamar ɗakunan kwamfuta na makarantu da gidajen rediyo da ofisoshin hukuma, inda za ka buɗe kabad ka iske hedifon ashirin sun cukurkuɗe kamar taliya, rabinsu kurame, in ka yi magana a ce maka, "Ai na gwamnati ne." Wannan kalma ta ci mana dukiya fiye da gara, domin abin da aka saya da kuɗin jama'a aka damƙa a hannunka amana ce, kuma shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa wanda ya yi sakaci da amana har ta salwanta akwai lamuni a kansa, ko da babu wanda ya rubuta masa takardar tuhuma. Mutanen Japan sun yi suna a masana'antunsu da al'adar zana siffar kowane kayan aiki a jikin allon da ake rataye shi, ta yadda idan guduma ɗaya ba ta dawo ba, gurbinta zai yi ta kiran ido har a nemo ta. Shugaban ofis da ya manna ƙugiya a kowane tebur ya sami irin wannan fa'ida kyauta, domin da yamma, kafin a kulle ƙofa, zagaye ɗaya zai nuna masa wanda ya mayar da wanda bai mayar ba.

Haka kuma a gida, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka saba masa cewa takalmi yana da wurinsa, jakar makaranta tana da nata, abin sauraro yana da nasa, shi ne gobe idan aka damƙa masa ma'aji zai san cewa kuɗin jama'a ma suna da muhallinsu wanda ba aljihunsa ba ne. Ba na da'awar cewa ƙugiyar roba za ta gyara halin al'umma, amma na tabbata hannun da ya saba mayar da abu inda ya ɗauko shi ya fi kusa da riƙon amana bisa ga hannun da ya saba yasarwa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka gama da wannan rubutu, ka dubi teburinka da idon baƙo, ka nemi abin da ya fi tsada a kansa wanda ba shi da wurin kwana, ka yi masa muhalli, ko da gam ne, ko da ƙusa, ko da igiya irin ta ragayar kakarka. In ka zaɓi gam, ka goge wurin, ka danna, ka ba shi kwana uku. Tawa ƙugiyar ta biyu, wadda na manna bisa sharuɗɗan nan, ta ga bazara ɗaya da damina ɗaya da hunturu ɗaya, har yanzu tana nan inda na sa ta. Allah ya sa mu dace, wassalam.